Hannun da Ya Yi Nauyi Ranar Talata

Samaru, Zariya
14 ga Afrilu

'Yata Ruƙayyatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya kuma sanyin dutsen Mambila da aka kai ki. Mu nan zafi ne kawai. Hadari yakan haɗu ta wajen Shika, sai iska ta watsa shi.

Za ki yi mamakin ganin hoton takarda a wayarki. Adunni maƙwabciyarmu ce ta ɗauka ta tura miki, don wayata ƙarama ce. Zan faɗa miki dalilin da ban kira ba.

Babanku Othniel ba shi da lafiya. A makon Ista ya faɗi a shagonsa na kasuwar Sabon Gari, yana kan keke yana ɗinka rigunan mawaƙan coci. Adunni tana sayar da atamfa a layinsu, ita ta ji keken ya yi shiru, ta leƙa ta same shi a kife. Likitoci sun ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya kawo ta. An sallame mu, muna gida.

Ɓangaren dama ne. Ƙafar da sauƙi, yana jan ta da sanda zuwa bayi. Hannun kuwa a dunƙule yake kamar ya ɓoye wani abu a ciki. Amma abin da ya fi damuna bakin ne. Mutumin da kika sani, wanda in ya fara hira da mai kawo ɗinki sai an tuna masa da rufe shago, yanzu kalma ɗaya ta rage masa: "To." Yunwa, to. Ciwo, to. Na tambaye shi sunana, ya daɗe yana kallona, ya ce, "To."

Kuma yana jin komai. Rannan ina waya da ɗanmu Nelson daga Fatakwal, ina ba shi labarin jikin, na juyo na ga hawaye na bin kunnensa. Tun daga ranar ba na maganarsa a waya. Gidan ƙarami ne, ba inda murya ba ta kaiwa. Shi ya sa na koma biro, aikina na da.

Na san tun rasuwar mahaifinki Umaru zumuncinmu ya yi sanyi. Amma kakanki da ubana ciki ɗaya suka fito, kuma a duk dangi ke kaɗai kika yi karatun gashin ƙashi na asibiti. An ba mu ranar zuwa sashen gashi saboda hannun. Ni hannun bai dame ni ba, kada ya ƙara riƙe allura har abada, na yarda. Magana nake so. Me ake yi wa harshe?

Gwaggonki,
Edith

*

Gembu
29 ga Afrilu

Gwaggona,

Barka da war haka. Ina gaishe ki, ina yi wa Baba sannu, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ni lafiya ƙalau, sai sanyi.

Ki yi haƙuri da jinkiri. Ƙauyen da asibitinmu yake babu sabis ko kaɗan, sai na hau babur na shigo Gembu saƙonni ke shigowa. Yau na gani, na zauna a bakin wani shago na karanta har sau biyu. Baba ne ya ɗinka min rigar makarantata ta farko, ya ƙi karɓar ko godiya.

Gwaggo, kada ki raba hannun da harshen. A ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wurin da ke juya hannun dama da wurin da ke haɗa magana maƙwabta ne, kusan katanga ɗaya, kuma jijiya ɗaya ke kai musu jini. Shi ya sa suka tafi tare. A wurin mutane da yawa da na yi wa aiki, lokacin da yatsu suka fara sakewa, a lokacin kalmomi ke fara leƙowa. Ba alkawari nake miki ba, kowa da yadda jikinsa yake. Amma kada ku fasa zuwa gashi.

A gida kuma ga abin da za ki yi. Ki buɗe yatsun a hankali cikin ruwan ɗumi, safe da yamma. Ki sa masa abin da hannun ya saba da shi: maɓalli, ƙwaryar zare, ƙyalle. In ya taɓa abu, ki faɗi sunansa sau ɗaya, sannan ki yi shiru ki jira. Na san ke malama ce, jiran zai yi miki wuya, amma kada ki ƙarasa masa kalma. In ya gaji ku bari.

Maganin hawan jini kada ya tsallake. Kuma in kika ga abin da ya fara dawowa ya sake ɗaukewa farat ɗaya, hannu ko baki ko magana, ko da na ɗan lokaci ne, ku tafi asibiti a take.

Wa ke taya ki ɗaga shi?

'Yarki,
Ruƙayyatu

*

Samaru
6 ga Yuni

'Yata,

Ina gaishe ki da kyau. Ruwa ya sauka, har masara ta fito a bayan gida. Muna nan cikin alherin Ubangiji.

Kin tambayi mai taya ni. Femi mijin Adunni yakan kai mu gashi a motarsa in bai fita da wuri ba. Sauran ni ce. Nelson ya zo ya koma, aikinsu ba ya barin mutum.

Da farko na ɗauki maganarki ta maƙwabtaka labarin 'yan boko ne, amma na bi. Na zuba masa gwangwanin maɓallansa a tire. Makonni muna abu ɗaya, ni ina ta kiran sunaye kamar ina aji ɗaya, shi yana tura maɓalli da bayan hannu. Sai wata safiya babban yatsa da manuni suka haɗu, ya ɗaga wani baƙin maɓallin kwat. Bakinsa ya yi ta rawa. Na cije leɓe kamar yadda kika ce. Can ya ce, "Baƙi."

Ruƙayyatu, na shiga kicin na toshe bakina da zani.

Daga nan suka fara zuwa ɗaya ɗaya, kuma na lura duk ranar da hannun ya yi sabon abu, bakin ma sai ya yi. Ranar da ya riƙe cokali ya ce "gishiri." Ranar da na ɗinka maɓallin rigarsa a gabansa, ya fizge rigar, ya duba, ya ce, "Karkace." Shekara talatin da wani abu ina aurensa, bai taɓa yabon ɗinkina ba, ciwo ma bai sa ya fara ba. Sunana dai har yanzu bai zo ba.

Sai dai akwai abin da ya hana ni sakewa. Ranar Talatar da ta wuce muna zaune muna tsince wake, don na ga shi ma aikin yatsu ne. Kawai hannun nan na dama ya yi nauyi kamar ba a jiki yake ba, tiren ya kife, magana kuma ta ɗauke ɗif. Kafin ruwan shayin da na ɗora ya tafasa komai ya dawo daidai. Gajiya ce, na sani, mun matsa wa kanmu da yawa.

Amma tun ranar Baban Nelson ya canza. Ya ƙi taɓa maɓallan. In na kawo masa ƙwayar hawan jini sai ya ture ta zuwa gabana, in na mayar ya sake turowa, sai na ɗaga murya yake sha. Yakan damƙe min wuyan hannu da hannun nan mai ciwo, da wani ƙarfi da ban san ya dawo ba, yana cewa, "Ke. Ke." Duk inda na yi a ɗakin idonsa na bina. Ko bayi na shiga na daɗe, sai in ji yana buga sanda a ƙasa.

Ina tsoron ko ya gaji da rayuwar ne. Ko kuwa ni yake ganin laifina? Kin taɓa ganin haka?

Gwaggonki,
Edith

*

Gembu
17 ga Yuni

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Ki gafarce ni, yau gaisuwar gajera ce.

Na kira wayarki ta ƙi shiga. Adunni ta ce wutarku ta lalace tun makon jiya, kuma tana kasuwa, sai yamma za ta kai miki wannan.

Abin da ya faru da Baba ranar Talata ba gajiya ba ce. Hannu ya mutu, magana ta ɗauke, sannan su dawo da kansu, wannan gargaɗi ne. Jini ne ya tsaya a hanya na ɗan lokaci ya wuce. Dawowar da komai ya yi ba ta nufin an tsira, sau da yawa babbar tana biye da ƙaramar, wani lokaci a cikin kwanaki kaɗan. Ki kai shi asibiti yau, ba sashen gashi ba, wurin likita. Ki faɗa musu daidai yadda kika rubuta min. Su auna jininsa, su duba magungunansa.

Game da canjin halinsa, mai yiwuwa tsoro ne. Ya ji abin ya sake taɓa shi, kuma ba shi da bakin faɗa. Kada ki ɗauka ƙinki yake yi.

Ruwa ya yi yawa a nan, hanyar ƙauyenmu ta fara zaizayewa, masu babur suna ƙin hawa. Ban san yaushe zan sake shigowa gari ba. Don Allah kada ki jira amsata kafin ki yi komai.

'Yarki,
Ruƙayyatu

*

Samaru
25 ga Yuni

'Yata Ruƙayyatu,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu muna lafiya. An gyara wuta. Muna lafiya.

Kin tayar min da hankali a banza, amma na gode. Na kai shi washegari, Femi ya kai mu. An auna shi, an duba, likita ya ce jininsa ya zauna, hannun kuma ya fi yadda suka zata. Har ya sa shi ya matse masa yatsa, ya ce da kyau.

Sai da muka dawo na sake karanta takardarki, na yi dariya ni kaɗai. Ba ki fahimce ni ba, ko ni ce ban rubuta daidai ba. Ai ba hannunsa ba ne ya yi nauyi ranar Talata. Nawa ne. Ni ce na kifar da waken, ni ce maganar ta ɗauke wa. Shi yana zaune yana kallona. To kin ga abin da kika faɗa na masu ciwon ne, ni kuwa ban taɓa kwanciya asibiti ba sai haihuwar Nelson. Mace mai ɗaga namiji safe da yamma dole hannunta ya yi tsami.

Ya sake yi min ranar Lahadi a coci, muna tsakiyar waƙa, littafin ya faɗi. Na buɗe baki, waƙar da na sani tun ina yarinya, babu. Matar da ke kusa da ni ta ɗauko min shi. Kafin a yi addu'ar rufewa ya wuce. Zan riƙa kwanciya da rana.

Ya ba ni kunya a asibitin. Da nas ta cire masa abin awon jini daga dantse, sai ya kama rigarta, yana nuna abin, yana nuna ni, yana "Ke, ke." Yarinyar ta ce, "Baba, ai Mama na nan, ba inda za ta." Layi ya yi tsawo a waje, na ba ta haƙuri na ja shi muka fito. Har muka iso Kwangila a hanyar gida bai kalle ni ba.

Ga labari mai daɗi. Ya faɗi sunana. Jiya da yamma ina tace koko da abin nan, abin nan mai ƙananan huji, sunan ya ɓace min, kin dai gane. Sai na ji daga bayana, "Edith." Na juyo. Ya ce, "Edith. Awo."

Na ce ikon Allah, tela ya tuna aikinsa. Na ɗauko masa tef ɗin awonsa. Ya karɓa da hannun dama, Ruƙayyatu, da dama. Bai auna kafaɗa ba, bai auna tsawo ba. Ya naɗa shi a dantsena, sama da gwiwar hannu, ya ja ya matse har ya yi min zafi, yana kallon cikin idona. Na ce, "Riga za ka ɗinka min? To fara da hannu." Sai ya saki tef ɗin ya fashe da kuka. Ciwon nan yana sa su kuka ba dalili, an faɗa min.

Zan tsaya nan. Biron nan nauyi gare shi, duba yadda layin ke gangarowa. Gobe zan sa Adunni ta sayo min wani a

Ki gaida mutanen wurinku.

Gwaggonki

*

Gembu
19 ga Yuli

Anti Adunni,

Don girman Allah, duk abin da kike yi ki ajiye ki karanta wannan, sannan ki karanta wa Gwaggo Edith da ƙarfi, a gaban Baba.

Hanyarmu ta yanke, gada ta tafi da ruwa, sai yau na iso gari a ƙafa da babur. Yanzu na ga wasiƙarta ta ƙarshen Yuni. Na kira wayarta a kashe. Na kira Nelson ba ya ɗauka. Na kira ki kin ɗauka, na ji hayaniya da kukan wani abu kamar na'ura, sai layin ya yanke, ya ƙi sake shiga. A ina kike?

Gwaggo, ni ce na karanta ba daidai ba, na sa aka kai wanda ba shi ne ke cikin haɗari ba. Duk abin da na rubuta a kan Baba, a kanki ne. Sau biyu ke nan, kuma rubutunki kansa ya nuna min: layukan sun zube gefe, kin bar jimla a buɗe, ba ki sa sunanki ba. Ba biro ba ne.

Baba ba riga yake son ɗinka miki ba. Awon jini yake nufi. Ya ga abin da ya same shi yana zuwa miki, tun ranar waken yake faɗa miki da duk abin da ya rage masa.

Ki bar wanki, ki bar girki, kada ki ce sai gobe. Anti, in ta yi gardama ku ɗauke ta da ƙarfi, na ɗauki laifin. Zan kwana a Gembu inda akwai sabis. Ki amsa min ko da kalma ɗaya ce.

Ruƙayyatu

*

Zariya
20 ga Yuli

Ruƙayyatu,

Sannu, ya hanya. Adunni ce. A Sabon Gari aka haife ni amma ban saba rubuta Hausa ba, ki yi haƙuri da yadda ta fito. Jiya muna cikin ɗakin marasa lafiya ne, sabis ba kyau, caji kuma ya ƙare.

Saƙonki ya zo a makare. Mama Edith ta faɗi tun ranar Alhamis ta makon jiya.

Da safe ne, ina ɗaura kaya zan tafi kasuwa. Sai na ji ana dukan ƙofarmu ta ƙarfe, ba irin bugun baƙo ba. Na buɗe na ga Baba Othniel a ƙasa, ba sanda, gwiwarsa duk jini da taɓo. Daga ɗakinsu ya jawo jiki har ƙofarmu, kin san akwai kwata a tsakani. Babban almakashinsa na shago ne a hannunsa na dama, da shi yake dukan ƙofar. Mutumin da tun Ista ban ji ya haɗa kalma uku ba, ya dube ni ya ce, "Adunni, Edith ta faɗi. Kira Femi. Mota. Yanzu."

Mun same ta a bakin murhu, bakinta ya karkace, idonta a buɗe. Femi bai tsaya ko'ina ba. Likita ya ce da mun ƙara daɗewa da wani labarin ake yi. Ya tambaya ko ta taɓa samun alama kafin wannan, na ce ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ni hoto kawai nake ɗauka in tura miki, ban taɓa karanta takardar mutane ba. Yau da safe da na karanta taki na koma na karanta nata, na kasa cin abinci.

Tana da rai. Ɓangaren dama ne ita ma, amma nata ya fi na Baba tsanani, ƙafar ma ba ta motsi. Ba ta ce komai ba tukuna. Ana ba ta abinci ta hanci. Sun ce a jira a gani, ba su faɗi fiye da haka ba. Nelson ya iso, shi ke ta zirga-zirgar magani, wayarsa ta faɗi a mota a hanya shi ya sa ba ki same shi ba.

Baba ya ƙi komawa gida. Nas sun yi, Nelson ya yi, fasto ya yi. An gaji an ba shi kujera a gefen gadon, ta ɓangaren damanta.

Na karanta masa saƙonki kamar yadda kika ce. Da na zo wurin awon jini sai ya rufe ido. Bayan nan ya nuna jakata, ya ce, "Biro." Tun kafin azahar yake rubutu a bayan takardar magani, sai la'asar ya gama, ya hana kowa taya shi. Ga hotonsa a ƙasa. In wani wuri bai karantu ba ki tambaye ni.

Adunni

*

Ruƙayya,

Ni ne. Othniel.

Sannu.

Na gani. Na faɗa. Ba a ji ba.

Ba laifinki.

Edith tana kallona. Ta san ni.

Na riƙe hannun tun safe. Ina buɗe yatsu. Suna rufewa.

Likita yana magana da Nelson a waje. Ni ba a faɗa min.

Ke ki faɗa min gaskiya. Zan iya.

Ki zo.